Wa Ke Zagin Kawu da Asuba?

Gidan da dangin mahaifiyata suka sauka a cikin garin Sabon Birni, bayan sun baro Burkusuma a ƙarshen 2021, ɗaki uku ne da zaure, mutanen kuwa sun fi ƙarfin tabarmin gidan. A irin wannan cunkoso ko tari ba ya ɓoyuwa, balle magana. Shi ya sa ba a daɗe ba kowa ya san akwai mai zagin Kawu kafin kiran assalatu. Murya ce ƙasa-ƙasa, a dishe, daga wajen randar da ke jikin ɗakinsa, kuma kullum abu ɗaya take maimaitawa: "Rago. Ragon Gobir. Tsohon kawai." Sai wata magana ta biyo baya wadda ba a iya tsinkayarta.

Kawu manomi ne da a da ake jin gyaran muryarsa tun daga bakin gona. Yanzu wuni yake a gindin bango, ya rame har zuben Gobirci na kumatunsa ya zurma. In an kawo tuwo ya yi loma biyu ya tura wa yara kwanon. In an tambaye shi wa ke zaginsa, sai ya ce shi bai ji komai ba.

Wadda aka fara zargi ita ce matar ƙanensa. Mijinta aka harbe a gona lokacin yankan gero, tana cikin takaba aka yi gudun, kuma tun zuwansu ba ta ɗaga ido ta dubi Kawu ba. Matan gidan suka ƙulla nasu: ciwon zuciya ne ke tashinta da dare. Ba wanda ya tunkare ta, sai kallo da zunɗe. Da ta gama takaba 'yan'uwanta suka zo suka tsallaka da ita Gidan Rumji, a jihar Maraɗi, inda dubban mutanen wannan yanki suka sami mafaka tun 2019. Daren da ta tafi, muryar ta zo a kan lokacinta.

Daga nan zance ya koma kan iska. Aka kira malami ya yi ruƙiyya, aka turara tazargade a kusurwoyin gidan, aka matsar da randar. Ba abin da ya sauya. Aka kai Kawu wajen gwajin jini saboda ramar, aka ce akwai zazzaɓin cizon sauro, jininsa kuma ya ɗan hau. Ya sha magani, zazzaɓi ya sauka, zagi bai sauka ba.

Wata jikarsa ce, yarinyar da ba ta isa ɗaukar tulu ba, ta kawo abin da manya suka kasa gani. Ta ce ai ranar da Kaka ya kwana a zaure saboda zafi, a zaure aka yi zagin. Aka yi mata tsawa, amma maganar ta zauna. Da Gwaggo, yayar su Kawu, ta zo daga Isa ta kwana biyu, sai ta kasa kunne da kanta. Gari na wayewa ta ja ni gefe, jikinta a sanyaye.

"Ɗan nan, wagga magana ta Baba ce. Shi kaɗai ka ce ma yaro ragon Gobir. In kawunka ya gudo daga dambe, ko ya bari akuya ta shiga gona, da ita Baba ka tarbe shi."

Tsohon ya rasu tun ana kashe kwabo. Ita ce kuma ta tsinci maganar ƙarshe da ta gagari kowa: "Da ka bari an tafi."

To, mai zagin ya fito. Kawu ne ke zagin Kawu, da harshen ubansa. Amma gano bakin bai warware komai ba, sai ma ya buɗe tambayar da ta fi nauyi: laifin me yake tuhumar kansa da shi har tsawon wannan lokaci?

Wanda ya san 2021 a gabashin Sakkwato ya san amsar rabi. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. A cikin watan ne 'yan bindiga suka afka wa sansanin jami'an tsaro da ake kira na Burkusuma, suka kashe jami'ai da dama. Ƙauyuka suka shiga biyan harajin da aka ɗora musu kafin su taɓa amfanin gonarsu. A wannan tsakanin aka yi zaman gida, wasu suka ce a tashi yanzu, Kawu a matsayinsa na babba ya ce a dakata a yanke gero, don ba a shiga birni da hannu biyu. Ana cikin yankan aka kashe ƙanensa. Ɗaya rabin amsar yana cikin tarbiyya. Bagobiri yana tasowa da labarin Bawa Jan Gwarzo da ganuwar Alƙalawa, ana gaya masa namiji ba ya ba da baya. Kawu ya tsaya an yi asara, ya gudu an ce ya gudu, kuma a cikin kansa duka biyun laifi ne.

A nan nake ganin muna kuskure a matsayin al'umma. Mutumin da ke yanka kansa da baki muna cewa mai zuciya ne, mai kunya, har mu yaba masa. In abin ya yi yawa mu ce "a yi haƙuri, ƙaddara ce", mu rufe zancen. Kawu ya fi mu sanin ƙaddara. Matsalarsa ita ce ya yarda da ƙaddara a kan kowa, ya cire kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum 1 cikin 5 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, daga tsananin damuwa zuwa firgici. Da yawansu ciwon kai da rashin barci suke kai wa mai magani, don su ne ba a jin kunyar faɗa.

Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Aaron Beck, ya lura tun shekarun 1960 cewa masu tsananin damuwa suna da wasu maganganu da ke faɗo musu a zuci ba tare da sun kira su ba, kuma suna karɓarsu a matsayin gaskiyar da ba ta buƙatar hujja. Ya ga suna da kama ɗaya: mutum ya ɗora wa kansa abin da hannaye da yawa suka aikata, ya ɗauki rana ɗaya ya yi wa rayuwarsa duka hukunci da ita. Maganin da ya gina a kai shi ne a kama maganar, a faɗe ta a fili, a binciki hujjarta, sannan a maye ta da wadda ta fi kusa da gaskiya. Ba yabon kai ake nufi ba. Wanda ya binne ƙanensa ba ya jin "kai gwarzo ne".

Wanda ya yi wannan aiki a gidanmu bai taɓa jin sunan Beck ba. Wani abokin Kawu ne, tsohon muhutin kotu, da ke zuwa hira bayan la'asar. Da Gwaggo ta tsegunta masa, sai ya zauna kusa da Kawu ya ce, "Malam, na yi shekaru ina rubuta shari'a, ban taɓa ganin inda mai ƙara shi ne alƙali shi ne mai bulala ba, wanda ake ƙara kuma an hana shi magana. Faɗi da'awar in ji." Kawu ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke kafin ya ce, "Ni na kashe shi."

Muhuti bai ce masa a'a ba. Tambaya ya shiga yi, ɗaya yau, ɗaya gobe. Wa ya riƙe bindigar? Ranar da ka ce a dakata, ka san ranar da za su zo? Gida nawa ne a unguwarku suka tsaya yankan gero, su ma duk masu kisan kai ne? Tambayar da ta fi girgiza Kawu ita ce ta hanya. A farkon Disamba na 2021, a kusa da Gidan Bawa kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, an tare motar matafiya aka cinna mata wuta, fiye da mutum 20 suka mutu. Muhuti ya ce, "Da ka ce a tafi, aka rutsa da su a hanya, mi muryar nan za ta ce ma?" Kawu ya ce, "Za ta ce da ka bari an tsaya." Muhuti ya ce to shaidar da ko ta ina aka juya sai ta kama mutum ɗaya, kotu ba ta karɓarta. Ya kuma tuna masa cewa malamai sun rarrabe nadama, wadda ke kai bawa ga gyara, da waswasi mai cin rai ba ya haifar da komai, kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi kashedi kan yawan "da na yi kaza".

Tare suka ƙera maganar da Kawu zai riƙa mayarwa in muryar ta taso: "Na yanke shawara da abin da na sani, don yara su ci. Masu bindiga suka kashe shi." Ya ce tana masa nauyi a baki, yana faɗa yana jin kamar ƙarya yake. Muhuti ya ce ya ci gaba da faɗa, tsohuwar ma ba a dare ɗaya ta zauna ba. Da barcin ya ƙi daidaita, muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, bayan doguwar gardama kan abin da mutane za su ce. Can aka ɗora shi a kan magani aka kuma ba shi ranar dawowa.

Saura shaida ɗaya da ba a saurara ba. Da Babbar Salla matar marigayin ta zo gaisuwa daga Gidan Rumji, Gwaggo ta zaunar da ita gaban Kawu ta gaya mata komai. Matar ta riƙe baki.

"Yaya, ai shi ya fara ƙin tafiya. Tun kafin zamanku ya ce mani ko kowa ya tashi shi sai ya ga geronsa cikin rumbu. Ni na roƙe shi ya ƙiya. Kunyarka nika ji, shi ya sa ban iya duban ka, ina ganin taurin kan mijina ya riƙe ku har kuka rasa shanu."

Kawu ya dube ta, ya dubi Gwaggo. "Kuma ba ki faɗi ba?"

"Wa ya tambaye ni, Yaya?"