Abin da ya kamata ku sani: Haɗin gwiwar malaman jami'a da ma'aikatan agaji wajen isar da kayan tallafi

Idan bala'i ya afku, tara kayan agaji ba shi ne ya fi wuya ba. Wahalar tana wajen kai su: me za a saya, a wace kasuwa, wane sito za a ajiye shi, wace mota za ta ɗauka kuma ta wace hanya, kafin yunwa ta yi wa mutane illa. A 2006 Farfesa Luk Van Wassenhove na makarantar INSEAD da ke Faransa ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na aikin agaji saye ne da ajiya da sufuri.

Ambaliyar tsunami ta 26 ga Disambar 2004 ce ta farkar da mutane. Kaya sun yi cunkoso a filayen jiragen sama, wasu ma ba a buƙatarsu, alhali waɗanda abin ya shafa suna can suna jira. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa Hukumar Abinci ta Duniya, WFP, jagorancin tsara jigilar agaji, sannan a 2008 aka kafa cibiyar bincike ta HUMLOG a birnin Helsinki.

To, me malamin jami'a zai ƙara wa wanda ya yi shekaru yana loda tirela? Lissafi. Masana a jami'ar Georgia Tech ta Amurka sun zauna da ƙungiyar agaji ta CARE, suka bi tarihin bala'o'in da aka yi a baya, suka auna inda ya fi dacewa a jibge kaya tun kafin a buƙace su. Bisa wannan lissafi, CARE ta ajiye kayanta a Dubai da Panama da Kambodiya.

Misalin da ya fi burge ni shi ne manhajar Optimus, wadda WFP ta gina tare da jami'ar Tilburg ta Holand da Georgia Tech. A da, masu zaɓen abinci daban, masu saye daban, masu sufuri daban, kowa da nasa lissafin. Manhajar tana haɗa su wuri guda: idan wani nau'in wake ya yi tsada ko jigilarsa ta yi nisa, sai ta nemo wanda zai maye gurbinsa ba tare da an rage sinadaran gina jiki ba. An yi aiki da ita a Iraƙi da Yaman, kuma irin wannan aikin lissafi ne ya sa WFP ta samu lambar yabo ta Franz Edelman a 2021, bayan ta ce ya rage mata kashe kuɗi da sama da dala miliyan 150.

Sai dai kwamfuta ba ta san abin da ba a faɗa mata ba. Ma'aikacin da ke fili shi ya san cewa jama'ar gari kaza ba sa cin hatsi kaza, ko cewa da damina ruwa kan yanke hanyar Rann a Jihar Borno har sai an koma ga jirgi mai saukar ungulu. Shi ya sa binciken da aka yi daga ofis kawai ba ya cika amfani.

Haɗin ba ya rasa tsaiko. Malami yakan shekara yana jiran a buga takardarsa, ma'aikaci kuwa amsar gobe da safe yake nema. Ƙungiyoyi kuma suna ɗari-ɗari da sakin bayanan hanyoyinsu da sito-sitonsu a wuraren da ake rikici, kuma suna da hujja. Abin da ya fi damuna shi ne fitattun cibiyoyin wannan bincike suna Turai da Amurka, alhali jami'o'i irin ta Maiduguri suna zaune a bakin inda ake lodin motocin, ɗalibansu kuma suna jin yaren direbobi da na masu karɓar tallafin.