KUƊIN AUDUGA DA KUƊIN TAKI: MAGANAR FAIFAN AL'ADA

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau za mu taɓo wata magana wadda ba a saba kawowa a taron ƙungiya ba, watau maganar jinin al'ada na mata da abin da suke tare shi da shi. Muna roƙon iyayenmu maza da dattawan ikilisiya su gafarce mu, kada kuma su miƙa wa uwargida takardar nan su ce shafin nata ne. Kuɗin audugar mata da kuɗin taki daga rumbu ɗaya suke fitowa. Lafiyar da za a tsare kuwa ta masu shuka ce, da masu sussuka, da 'ya'yanmu mata da muka tura makaranta a birni.

Yadda abin ya tsananta

Iyayenmu na dā ƙunzugu suka sani, tsumma ne mai tsabta da ake wankewa a sāke amfani da shi. Daga baya audugar kanti ta zo, wadda ake sawa sau ɗaya a yar. Wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari, ko kasuwar Singa inda ake sari, zai gan ta katan-katan. Amma kuɗinta ya fi ƙarfin gidaje da yawa.

A shekarar 2020 gwamnatin tarayya ta ɗauke harajin sayen kaya daga kan audugar mata wadda aka yi a cikin ƙasa. Sauƙin bai daɗe ba. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma darajar naira ta faɗi, kaya suka yi tashin gwauron zabi. A watan Disamba na wannan shekara kamfanin Procter & Gamble, masu audugar Always, suka sanar za su daina yin kaya a Nijeriya, sai dai su riƙa shigowa da su daga waje. A 2024 kamfanin Kimberly-Clark, masu Kotex, su ma suka ce za su rufe masana'antarsu ta Ikorodu a Jihar Legas.

Bari mu yi lissafi. Mace takan yi kamar kwana 5 tana jini a wata. In tana canja auduga sau 3 ko 4 a yini, za ta ci guda 15 zuwa 20 a wata, watau 180 zuwa 240 a shekara. Gidan da ke da uwa da 'yan mata biyu sai a ninka sau uku. Muna roƙon ma'ajin kowace ƙungiya ya tambayi kuɗin ƙunshi ɗaya a kasuwar da ke kusa da ku, ya lissafa na shekara, sa'an nan ya mai da shi kwanon gero. Amsar za ta sa maigida ya gyara zama.

Idan kuɗi ya gaza, ga abin da yakan faru. Mace ta bar auduga ɗaya a jikinta tun safe har dare. Yarinya ta ƙi zuwa makaranta don tsoron kada jini ya ɓata mata riga a gaban yara maza. Wata kuma ta karɓi kuɗi a hannun wanda bai kamata ba, don tana jin nauyin tambayar mahaifinta. Wannan na ƙarshe shi ya fi damunmu.

Inda audugar take ƙarewa

A Fagge da Sabon Gari gidajen haya sun yi yawa, ɗaki-ɗaki, iyali goma suna tarayya a banɗaki ɗaya. Audugar kanti kuwa akwai leda a jikinta, ba ta ruɓewa kamar tsumma. In an jefa ta a masai, sai ta cika ramin da wuri. In an jefa a kwata, sai ta toshe hanyar ruwa, da damina ruwa ya shiga ɗakuna. Abin da ruwa ya kwasa kuma yakan gangara Jakara, wadda ta ratsa Fagge ta bi ta gefen Sabon Gari har zuwa madatsar ruwa ta Wasai. A bakin Jakara ɗin nan ne masu lambu suke noman latas da alayyafo da albasa. Ashe sharar birni tana komawa gonar manomi.

Mene ne faifan al'ada?

Abubuwan da ake sawa a cikin jiki iri uku ne. Na fari ita ce audugar cusawa, wadda Turawa ke kira tamfon. Tana shan jini, ana canja ta bayan awa 4 zuwa 8, a yar. Na biyu shi ne kofin al'ada, mai siffar ƙararrawa. Shi ba ya shan jini, tara shi yake yi, a zubar, a wanke, a mayar. Wata Ba'amurkiya mai suna Leona Chalmers ta yi rajistar irinsa tun 1937.

Na uku shi ne wanda muke kira faifan al'ada, gama siffarsa kamar ɗan ƙaramin faifai ce mai zurfi kaɗan. Faɗinsa ya kai kamar bakin ƙaramin gwangwanin madara. Bakinsa zobe ne mai lanƙwasuwa, tsakiyarsa kuwa ɗan aljihu ne mai laushi. Da fari an yi wanda ake sawa sau ɗaya a yar. Yanzu akwai na wata irin roba ta asibiti da ake kira silikon, wanda yakan yi shekara 2 zuwa 10, gwargwadon abin da masu yinsa suka rubuta a jikin kwalin.

Bambancinsa da kofi a wurin zama ne. Kofi yana zama ƙasa-ƙasa, yana kama jiki da tsotso. Faifai kuwa can sama yake zama, ƙarƙashin bakin mahaifa, gefensa na gaba ya jingina a bayan ƙashin da ke ƙasan mara. Ba ya tsotso. In ya zauna daidai, mace ba ta jin akwai wani abu. Ba ya kuma iya ɓacewa a ciki, domin bakin mahaifa ya fi ƙarfin wucewarsa.

Abin da masu bincike suka gano

A 2023 wasu likitoci a Jihar Oregon ta Amurka suka auna yawan jinin da kowane iri yake ɗauka. Auduga da tamfon da kofi sun ɗauki mililita 20 zuwa 50. Faifai ya ɗauki kimanin 61, watau kamar babban cokali 4, ya fi su duka. Ana iya barinsa har awa 12. Wannan taimako ne ga macen da za ta yini a gona lokacin girbi, ko wadda za ta hau mota tun asuba ta kawo kaya kasuwar 'Yankura, inda samun wurin kewayawa mai tsabta yake da wuya.

A 2019 masana na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila suka tattara bincike 43 da aka yi a kan mata 3,319, aka buga a mujallar Lancet Public Health. Yawancinsa a kan kofi ne, ɗan'uwan faifai. Sun tarar yoyonsa bai fi na auduga ba, kuma a cikin waɗanda aka tambaya kashi 73 cikin 100 sun ce za su ci gaba da amfani da shi. A yankin Siaya na ƙasar Kenya kuma an gwada kofin cikin wani bincike da aka yi a makarantun firamare 30 na ƙauye. 'Yan matan sun ɗauki watanni kafin su saba, kuma nas-nas da ƙawayensu ne suka riƙa ƙarfafa su. Darasin a fili yake: raba kaya ba tare da koyarwa ba, ɓarnar kuɗi ne.

Yadda ake amfani da shi

1. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi, kullum.
2. A tsuguna, a matse bakinsa biyu har ya zama siriri.
3. A tura shi ciki, ana nufar baya wajen ƙugu, har iyakar inda ya tsaya.
4. A sa yatsa a ɗaga gefen gaba, a jingina shi bayan ƙashin mara.
5. Wajen cirewa a ɗan yi nishi, a maƙalo bakinsa da yatsa, a jawo shi a kwance a hankali don kada ya zube.
6. A zubar da jinin a masai, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙamshi, a mayar.
7. In al'ada ta ɗauke, a tafasa shi minti 5 zuwa 10 a wani gwangwani da aka keɓe masa, a shanya, a ajiye cikin jakar yadi. Kada a ɗaure shi a leda.

Kada mace ta karaya in ya ba ta wuya a watan fari. Yawanci sai an yi wata 2 ko 3 hannu yake sabawa, kuma a lokacin yana da kyau a haɗa da ƙunzugu. Sannu ba ta hana zuwa.

Gargaɗi

Ba za mu yabi abu mu ɓoye aibinsa ba. Cire faifai yakan ɓata yatsu, don haka tilas a shiga banɗaki da buta. Ruwan da zai taɓa shi kuma lalle ya zama mai tsabta. Inda ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, a tafasa kaɗan a ajiye domin wannan aiki. Duk da haka ruwan da yake ci bai kai na wankin tsumma ba.

Akwai wata cuta mai haɗari da kan zo in an bar abu ya daɗe a cikin jiki. Ƙwayar cuta takan yi yawa, ta saki dafi cikin jini. A Amurka a 1980 ta kashe mata masu amfani da wani irin tamfon, har aka janye shi daga kasuwa. Ba ta da yawa, amma a binciken nan na 2019 an sami mata 5 da ta kama cikin masu kofi. Alamunta su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, amai, gudawa, jiri, da ƙuraje ja a fata. A nan ƙasarmu za a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a tsaya shan magani a gida. Kada a yi haka. A cire faifan nan da nan, a tafi asibiti, a kuma gaya wa likita abin da aka sa.

Mai jego kada ta sa shi don tare jinin haihuwa. Wadda aka sa wa robar tsarin iyali a mahaifa, da mai yoyon fitsari, da wadda mahaifarta ta sauko, da mai ƙaiƙayi ko ruwa mai wari, su fara ganin ungozomar asibiti. Faifai ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya kuma kare mutum daga cututtukan sanyi. Mace biyu ba sa tarayya a guda ɗaya, ko da uwa da 'yarta ne. Wadda kuma ta ga faifanta yana cika cikin 'yan awoyi kaɗan, ko jininta yana wuce kwana 7, ta je a duba ta, gama zubar jini da yawa yana jawo ƙarancin jini da kasala.

Maganar 'yan mata

Mun san abin da ke zuciyar iyaye: shin ba zai taɓa budurci ba? Likitoci sun ce tantanin nan ya bambanta daga mace zuwa mace, kuma ba shi ne ma'aunin halin yarinya ba. Amma faifai yana da faɗi, sa shi yana iya yi wa yarinya zafi, yana kuma iya buɗa tantanin. Saboda haka shawararmu ita ce matan aure su fara. Kada a tilasta wa kowace yarinya, kada kuma a ba ta a ɓoye ba da sanin uwarta ba.

Ga 'yan mata akwai hanya mai sauƙi, watau ƙunzugu ɗinkakke. A Kantin Kwari, nan cikin Fagge, ana samun yadin auduga mai laushi da tawul da yadin laima wanda ruwa ba ya ratsawa. A jera su hawa uku, a ɗinka, a sa maɓalli. Sharaɗinsa ɗaya ne: a wanke da sabulu, a shanya a rana ya bushe sarai. Ƙunzugun da aka ɓoye ƙarƙashin katifa da danshinsa shi ke kawo ƙaiƙayi. Mai jin kunyar maƙwabta ta rufa masa ɗan siririn mayafi a kan igiya, ko ta bi shi da dutsen guga.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Daga waje ake shigo da faifai, bai kuma yaɗu kamar audugar kanti ba. Kuɗinsa na tashin fari yana da nauyi ga mace ɗaya. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayi taki da iri a sari, haka za mu iya yi a nan.

Zumuntar Mata ta gayyaci nas ko ungozoma ta yi bayani, mata zalla. A zaɓi matan aure 5 ko 6 masu so da kansu, su gwada wata 3, su kawo labari na gaskiya, mai daɗi da marar daɗi. In sun yaba, a buɗe adashi, ko ƙungiya ta ba da rance a biya bayan kaka. Wajen saye a bi ta hannun amintaccen kantin magani, a duba sunan masu yinsa da adireshinsu da rajistar hukumar NAFDAC, a tabbata an rubuta silikon na asibiti ne. Araha ba ta ado, balle ga abin da zai shiga jiki. 'Yan'uwanmu na ikilisiyoyin Sabon Gari suna kusa da kasuwa, su taimaki na ƙauye da cigiya da aike. Masu keken ɗinki kuma su ɗinka ƙunzugu, su sayar da sauƙi, ribar ta shiga asusun ƙungiya. Ranar 28 ga Mayu, wadda tun 2014 aka keɓe a duniya don tsabtar al'ada, ta dace da irin wannan taro.

A cikin Markus sura 5 mun karanta labarin macen da ta shekara 12 tana zubar jini, ta kashe dukan abin da take da shi wajen neman magani. Jama'a suna ƙyamarta, amma Ubangijinmu Yesu ya tsaya cikin taro domin ta, ya yi mata magana da mutunci. In shi bai ji ƙyama ba, mu ma ba mu da dalili. Maigida, in za ka yi lissafin bana, ka sa bukatar matarka da ta 'ya'yanka mata tare da ta taki, ka kuma ba da kuɗin tun ba a tambaye ka ba. Ƙungiyar da ta gwada ta rubuto mana abin da ta gani, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Amin.