2.3 Fitattun Faya-fayan Hip-hop na Amurka da Tasirinsu

A wannan fasali za a yi bayani a kan wasu faya-fayai waɗanda suka zama ginshiƙan waƙar hip-hop a ƙasar Amurka. Yin hakan ya zama dole, domin ba za a fahimci salon matasan da ke rera irin wannan waƙa da Hausa ba, sai an san tushen da ta fito. Ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen zaɓe shi ne irin sauyin da faifai ya kawo ta fuskar salo ko jigo ko kiɗa. Yawan ciniki kaɗai bai isa hujja ba, kamar yadda za a gani.

2.3.1 Raising Hell (1986)

Kiɗan hip-hop ya tsiro ne a unguwar Bronx ta birnin New York tun 1973, amma ya daɗe ana ɗaukarsa abin 'yan unguwa kawai. Wannan faifai na ƙungiyar Run-D.M.C. shi ya fitar da shi zuwa babbar kasuwa. A cikinsa ne suka haɗa gwiwa da ƙungiyar Aerosmith a waƙar "Walk This Way", wadda ta jawo hankalin matasa fararen fata. Daga nan kamfanoni suka gane cewa akwai riba a harkar.

2.3.2 Paid in Full (1987)

Kafin wannan faifai na Eric B. da Rakim, yawancin mawaƙa kan ɗaga murya ne, su ajiye amsa-amo a ƙarshen layi. Rakim kuwa ya zo da murya a kwance, yana dasa amsa-amo a tsakiyar layi, wani lokaci kuma ya ƙetara da jimla zuwa layi na gaba. Ya kamata a lura cewa wannan ya sha bamban da amsa-amon ciki na rubutacciyar waƙar Hausa, wanda ke zuwa a ƙarshen ɗangayen baiti.

2.3.3 It Takes a Nation of Millions to Hold Us Back (1988)

Jigon wannan faifai na ƙungiyar Public Enemy shi ne wayar da kan baƙar fata. Jagoransu Chuck D ya taɓo wariyar launin fata da gidajen kurkuku da annobar hodar ibilis. Ta fuskar kiɗa kuwa, masu haɗa musu sauti, wato Bomb Squad, sun riƙa yanko guntaye daga tsofaffin faya-fayai irin na James Brown, har da muryar Malcolm X, suna jibga su a kan juna.

Wannan dabara ta yanko kiɗa ba ta daɗe tana cin karenta ba babbaka ba. A 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie saboda ya ɗauki kiɗan Gilbert O'Sullivan ba da izini ba. Tun daga lokacin sai an nemi izini an biya kafin a yanko, don haka haɗa faifai mai guntaye barkatai ya zama abu mai tsadar gaske. Ke nan doka ma ta taka rawa wajen sauya salon kiɗan.

2.3.4 The Chronic (1992)

Dr. Dre, wanda tsohon ɗan ƙungiyar N.W.A ne, ya rage yawan guntayen, ya sa makaɗa su sake kaɗa tsofaffin amo cikin taushi da jan lokaci. Faifan ne ya fito da Snoop Dogg, ya kuma mayar da ƙarfin kasuwa yankin Kalifoniya. Sai dai ya sha suka saboda batsa da ƙasƙantar da mata da kambama rayuwar 'yan daba.

2.3.5 Illmatic (1994)

Wannan shi ne faifan farko na Nas, mai ɗauke da waƙoƙi 10 da ba su wuce kimanin minti 40 ba. A ciki ya siffanta rayuwar gidajen talakawa na Queensbridge kamar mai kallo ta taga. Kasuwarsa ta yi tafiyar hawainiya, domin sai a 2001 aka tabbatar ya sayar da kwafe miliyan ɗaya. Duk da haka, a 2021 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin jerin sautukan da ake adanawa don tarihi.

2.3.6 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane faifai da gudummawar da ya bayar: na farko ya buɗe kasuwa, na biyu ya sauya zubin baiti, na uku ya ɗaukaka jigon gwagwarmaya, na huɗu ya sake fasalin kiɗa, na biyar kuma ya ƙarfafa siffantawa. Misalin Illmatic ya tabbatar da cewa tasiri daban, ciniki daban. Da waɗannan ma'aunai ne za a auna waƙoƙin da aka tattara a babi na gaba, don a gane abin da mawaƙan Hausa suka aro da wanda suka gada daga kirari da zambo da habaici.