Maƙoƙo Ba Duka Ɗaya Ba Ne

A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe an daɗe da sanin maƙoƙo, har wasu na ɗaukar sa gado ne kawai. Gaskiya ne, mafi yawan kumburin wuya ba ciwon daji ba ne. Sau da yawa ƙarancin sinadarin aidin ne a abinci, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci. Sai dai a cikin ƙulullukan da ke fitowa a halittar nan ta gaban maƙogwaro da likitoci ke kira tayirod, akwai kaɗan da sankara ce, kuma ido ba ya iya bambance su.

Mata sun fi kamuwa da wannan sankara, kusan ninki uku na maza. Ga shi kuwa hijabi da mayafi na rufe wuya, sai mace ta shekara da ƙullutu, ko surukarta ba ta lura ba. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne ƙullutun ya yi tauri, ko ya soma girma da sauri, ko murya ta dushe makonni ba mura, ko haɗiya ta yi wuya, ko kaluluwa ta fito a gefen wuya ta ƙi bajewa. Rashin zafi ba shaidar lafiya ba ce, domin wannan cuta galibi ba ta ciwo da farko.

A ganina babbar ɓarna ita ce kai wa wanzami ya yi sakiya ko tsaga. Wurin cike yake da jijiyoyin jini, kuma tabon da ya bari na ƙara wa likitan tiyata wahala.

Hanyar ganewa ba ta da tsanani. Daga babban asibitin gari akan tura mutum Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Za a auna jini, a ɗauki hoton wuya da irin na'urar da ake duba juna biyu, sannan a soka siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke cikin ƙullutun a duba a ɗakin gwaji. Allurar ce ke raba gardama, domin gwajin jini na iya fitowa daidai alhali cutar na nan.

Idan ta tabbata, tiyata ce magani: a cire rabin tayirod ko duka. Nau'in da ya fi yawa, kusan 8 cikin 10, yana tafiya a hankali, kuma yawancin masu shi na warkewa idan an cire da wuri. Wasu kan buƙaci shan aidin mai tururin nukiliya don ƙone ragowar, dabarar da aka soma a Amurka a shekarun 1940. Wannan kan sa a tura majiyyaci har Abuja ko Ibadan, kuma nan kuɗi ke kayar da talaka.

Wanda aka cire wa duka zai riƙa shan ƙwayar levothyroxine kullum da safe kafin karin kumallo, har ƙarshen rayuwa. In ya ga ya samu sauƙi ya daina, kasala, jin sanyi da kumburin fuska za su biyo baya. Mai azumi kuwa sai ya tambayi likita lokacin da zai mayar da shan ta, kafin sahur ko da dare.