Noti ɗaya ya kusa cinye mana mota: yinin da na yi a Suame Magazin

Motar yayana Toyota Hiace ce, tana jigilar fasinja tsakanin Kumasi da Techiman, kuma da ita gida biyu ke ɗora tukunya a Aboabo. Watan jiya ta fara ɗigar da mai ta baya, daidai inda farfela ke haɗuwa da bak-aksil. Direba ya tsaya wurin wani yaro a bakin hanya aka canza oyil-sil. Yaron ya zura dogon bututu a sifana, ya taka da ƙafa, ya ɗaure notin iya ƙarfinsa. Mai ya daina zuba, kowa ya ji daɗi. Bayan kwana huɗu motar ta soma kuka daga baya, in ka taɓa tukunyar aksil kuwa sai ka janye hannu don zafi.

Yaya ya ce in raka motar Suame Magazin, wurin wani dattijon makanike, ko fita kamar yadda muke cewa a nan, wanda ba ya aikin komai sai aksil da giyabos. Da ya kwance ya wanke kayan, sai ya miƙo min boris ɗin finiyon. Ya yi shuɗi-shuɗi kamar an gasa shi.

Na ce, "Baba, ai ɗaure noti da kyau ba laifi ba ne."

Ya ce, "Ɗana, wannan notin ba na taya ba ne. Shi awo ake yi masa."

Ga abin da na fahimta a yinin. Farfela tana juya ƙaramin giya, finiyon. Shi kuma yana juya babban faifai mai haƙora, kirawun-wil, wanda ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Abu biyu ake saitawa a wurin: matsin da ke kan boris, da ratar da ke tsakanin haƙoran giyoyin biyu.

Finiyon yana zaune ne a kan boris biyu masu tsukakken baki, kuma a tsakaninsu akwai wani guntun bututun ƙarfe da aka yi shi don ya lotse kaɗan-kaɗan yayin da ake ɗaure noti. In matsin ya yi kaɗan, finiyon zai riƙa rawa, mota ta yi kuka musamman in direba ya ɗaga ƙafa daga totur, sil ma ya sake zubar da mai. In ya yi yawa, boris ya ɗau zafi ya ƙone, wanda shi ne ya same mu. Bututun nan kuma in ya lotse ya wuce ƙima ba ya dawowa. Sassauta noti ba ya gyara komai, dole a sa sabo a fara daga farko. Baba ya riƙa ɗaurewa kaɗan, ya tsaya, ya ɗora ƙaramar sifana mai ma'auni ya ga ƙarfin da ake buƙata kafin finiyon ya juya, sannan ya ƙara. Ya ce tsohon boris ba a ba shi matsin sabo, wajen rabi ake ba shi.

Bayan sallar Azahar aka koma kan ratar haƙora. Ya kafa agogon awo, allurarsa na taɓa haƙori ɗaya na kirawun-wil, ya riƙe finiyon kam, ya ɗan girgiza faifan gaba da baya. Littafin Toyota na irin wannan aksil ya ce ratar ta tsaya tsakanin milimita 0.13 da 0.18. Wato ba ta kai kaurin takarda biyu ba. In ta yi ƙanƙanta, mai ba ya samun wurin shiga, ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, haƙora su ci juna. In ta yi yawa, duk tashi sai ka ji "ƙwas" daga baya, wata rana haƙori ya ɓalle. Akwai zobba biyu masu zare a gefen kirawun-wil. Yana sassauta ɗaya yana ɗaure ɗayan daidai wa daida, faifan ya matsa kusa da finiyon ko ya ja baya ba tare da matsin boris ɗin gefe ya canza ba. A wuri huɗu ya auna, ba ɗaya ba, don in faifai ya ɗan karkace nan ne zai nuna.

A ƙarshe ya shafa jan fenti a wasu haƙora, ya juya gaba, ya juya baya. Tambarin da ya fito ya zauna a tsakiyar haƙori ta fuska biyun. Da ya hau can sama ko ya nutse gindi, da sai an sake cire finiyon an canza siririn washan da ke bayansa. Allah ya taimake mu giyoyin ba su tabu ba, don kirawun-wil da finiyon tare ake sayensu, ba a aurar da na wannan mota ga na waccan.

Kwana biyu motar ta yi ba ta kawo ko sidi ɗaya ba, ga kuɗin boris, bututu, sil da man giya. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da Baba ya faɗa yana wanke hannu: boris in ya ƙone ya daskare a kan gudu, tayoyin baya na iya cijewa, ga mota cike da mutane.

Yanzu yaya ya kafa wa direba doka: duk wanda zai taɓa notin nan, a fara tambayarsa ina ma'auninsa. In ya nuno bututu, a ja mota a ƙara gaba.