Sabuwar Nas a Ɗakin ICU

A ƙarshen wata doguwar baranda ta wani asibitin koyarwa a Arewa akwai ƙofar da ba a wuce ta da takalmin waje. Bayanta ne ɗakin da ma'aikata ke kira ICU, inda ake kwantar da waɗanda ke rai kwakwai mutu kwakwai: saurayin da ya faɗo daga babur kansa ya bugu, mai jegon da jijjiga ta kama, dattijon da aka yi wa babbar tiyata bai farfaɗo ba tukuna.

Nan ake turo wasu sababbin ma'aikatan jinya, bayan shekara uku a makarantar koyon aikin ko biyar a jami'a, da lasisin Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya a hannu. A makonnin farko ƙarar na'urori ce ke tsinka wa sabuwar nas zuciya. Da allo ya yi kuka sai ta zabura. Babbar sista ko motsi ba ta yi, sai dai ta ce, "Ƙanwata, dubi mai jikin tukuna." Sau da yawa ɗan maƙalin awon oksijin ne kawai ya zame daga yatsa.

Mafi yawan aikin na ido ne da hannu. Duk awa nas tana rubuta awon jini, bugun zuciya, zafin jiki da yawan fitsarin da ya taru a leda. Mai nauyin kilo 60 ya kamata ya ba da kamar mililita 30 a awa. Idan ya yi ta gazawa, ƙoda ta fara kuka ke nan, a kira likita. Tana haska ƙwayar ido da tocila, tana auna zurfin suma da ma'aunin Glasgow, mai farawa daga 3 ya tsaya a 15. Duk awa biyu a juya majinyaci don kada gyambon kwanciya ya ci bayansa. A zuƙe majina daga bututun maƙogwaro, a goge baki, a ɗura tataccen kunu ta robar hanci. Wanda ke ganin wannan ƙaramin aiki ne bai taɓa ganin bayan da aka manta ba a juya ba.

Sai kuma daren da wuta ta ɗauke, janareto ya yi nawa, batirin na'urar numfashi kuma ya gaji. Nan take za ta cire bututun daga na'urar, ta haɗa shi da jakar roba, ta riƙa matsawa da hannu tana ƙirge. Da irin wannan matsar aka soma aikin ICU ma. A 1952, lokacin annobar shan inna a Kofenhagen ta ƙasar Danmak, ɗaliban likitanci ne suka yi makonni suna karɓa-karɓa kan jakunkunan, bisa shawarar Dakta Bjørn Ibsen, wanda ya buɗe ɗaki irin wannan a 1953.

A waje, 'yan uwa sun shimfiɗa tabarmi, ga filas ga carbi. Ko ruwa ta fito sha sai an tare ta: "Sista, yaya mai jiki?" Ba a koya mata amsar wannan a aji ba. Ta ce da sauƙi alhali babu, ta yi ƙarya. Ta faɗi abin da ta gani, ta shiga hurumin likita. Wata uwa za ta miƙo zamzam a ba ɗanta, ga shi mai bututu a maƙogwaro ba ya haɗiya. Nas mai hankali takan jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe, ta fito ta ce, "Mama, an shafa masa."

Ƙa'ida ita ce nas ɗaya ga majinyaci ɗaya matuƙar yana kan na'urar numfashi. Amma manya da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, don haka wadda ba ta gama gane ɗakin ba takan kwana da gado biyu ko uku, kuma a ganina wannan kasada ce da ran mutane. Akwai kwas na ƙwarewa da ake zuwa bayan an ɗan yi aiki, sai dai tafiya sai asibiti ya sallame ta, kuma metiron da jadawalin darenta ke da giɓi ba ta saurin sa hannu.