Harshe Ma Shaida Ne: Kira Ga Masu Neman Digiri Na Biyu

Idan ɗalibaina suka tambaye ni amfanin kimiyyar harshe a wajen aji, nakan ba su labarin Derek Bentley, matashin da aka rataye a Ingila a 1953 kan kisan ɗan sanda. Masu bincike sun rantse cewa bayaninsa daga bakinsa ya fito, ba ragi ba ƙari. Da Farfesa Malcolm Coulthard ya nazarci takardar, sai ya gano salon rubutun 'yan sanda a cikinta. An gabatar da wannan shaida, kuma a 1998 kotu ta soke hukuncin, shekara 45 bayan aikin gama ya gama.

Mai karatu, dubi abin da ke faruwa a gida. Wanda ake tuhuma ya yi bayani da Hausa, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, a ce ya dangwala yatsa. Wane gwani zai tabbatar wa alƙali cewa abin da aka faɗa shi aka rubuta?

Binciken laifi bai tsaya ga zanen yatsa da gwajin jini ba. Jami'o'in Aston da Cardiff suna ba da digiri na biyu a wannan fanni. Lokaci ya yi da namu za su bi sahu. Allah Ya sa a ji.